Tashi da Faɗuwa a Kantin Olate

A kantinmu na gangaren Valparaíso,
inda babana, Evaristo Olate,
ke sayar wa masunta ƙugiya da igiya da taru,
kwamfuta ta wayi gari ran Litinin
da ciwon tashi da faɗuwa.

In na danna, fanka ta ɗauki kuka,
allo ya buɗe ido, tambari ya leƙo,
kafin in ƙirga huɗu, ɗif!
Sai ta sake tashi, ba wanda ya taɓa ta,
kamar mai barcin da ake ta kira,
yana amsa na'am yana komawa.

Bashin shekara tara na cikinta:
wa ya ci, wa ya biya, wa ya ce sai kifi ya samu.
Baba ya tsaya a kaina da kofin shayi,
bai ce uffan ba,
shirunsa ya fi tsawa.

Na zare firinta, na zare linzami,
da filas ɗin da ke maƙale a baya tun bara,
na bar ta daga ita sai wayar wuta.
Na canja soket. Na canja wayar ma.
Huɗu, ɗif, dawowa.

Na kira Fresia, 'yar kawuna, a Santiago,
ita ce ta yi karatun abin.
Ta ce, "Cire wuta, buɗe cikinta,
ki dafa ƙarfe kafin ki dafa komai."
Noti huɗu na kwance, ɗaya ya gudu ƙarƙashin kanta.
A ciki na tarar da ƙura curi-curi
da rabin gashin kyanwa.

Na hure, na share, na yi atishawa bakwai.
Sandunan ram guda biyu na zaro,
na goge musu haƙora da robar fensir,
na mayar da ɗaya, na gwada,
na mayar da ɗayan shi kaɗai.
Batirin nan mai kama da kwabo
na sayo sabo a bakin kasuwa.

Duk a banza. Fresia ta yi ajiyar zuciya:
"To akwatin wuta ne, ko babban faifan ya ƙone.
Ki fara lissafin kuɗi."
Baba ya ji. Ya ajiye kofin,
ya je ƙofa yana kallon jiragen ruwa.

Nan Baldomero ya shigo da warin teku,
hula a hannu, ya zo rage bashi.
"Nawa ne, Don Evaristo?"
Baba ya dubi akwatin da ke kwance ciki a buɗe,
ya dubi takalman mutumin, duk sun sha faci,
ya ce, "Littafin na jinya.
Kawo abin da ka tuna." Na san ya san adadin,
Baba ba ya mantuwa.

La'asar ta yi, na zauna a ƙasa, na gaji,
yatsana na yawo a goshin akwatin,
sai ya faɗa kan ƙaramin maɓallin nan,
na sake kunnawa, wanda ba mai kula shi.
A lotse yake. Na danna, bai motsa ba.
Na haska tocila: fari fat a gefensa,
gishirin iskar teku da tsatsa
sun riƙe shi a danne, dare da rana,
yana ta ba ta umarnin farawa.

Siririyar wayarsa na bi da yatsa,
na tsinke ta daga faifan kamar zaren riga.
Na danna babban. Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
biyar. Shida. Ƙara ɗaya, ƙit,
allo ya cika da shuɗi, ya tsaya da ƙafarsa.
Fresia na ta dariya a waya,
wai duk karatunta gishiri ya kayar.
Ashe ɓarawon na bakin ƙofa,
muna ta bincike a ƙuryar rumfa da rijiya da rariya,
har rana ta kusa faɗuwa.

Baba ya jawo kujera, ya gyara tabarau,
ya gangara har layin Baldomero.
Abin da ya kawo bai kai rabi ba.
Ya daɗe yana duban lambar,
sannan ya ce, "Maite, wane ne na gogewa?"

Notin nan na huɗu har yau ban gan shi ba.
Da uku take tsaye, tana aiki,
gefenta na ɗan rawa.